Amsoshin Tambayoyinku: Gidan Caca a Kan Kogi, da Yadda Yake Sauya Hannu

TAMBAYA: Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Birnin Kudu. Wani abokinmu direba, mutumin Gwaram, ya ce ya ga bidiyon wani katafaren jirgin ruwa a Amurka wanda ba ya ɗaukar fasinja, ba ya dakon kaya, caca kawai ake yi a cikinsa, kuma wai an sayar da shi ya fi a ƙirga. Wasu suka ce shirin fim ne. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, me ya kai caca kan ruwa alhali ga ƙasa shimfiɗe? Kuma tunda an ce gidan caca ba ya faɗuwa, me zai sa mai shi ya sayar? Sannan akwai irin wannan a ƙasarmu? Daga wani mai karatu, Birnin Kudu, Jihar Jigawa.

AMSA: Malam, ka gaya wa 'yan majalisa mutumin Gwaram bai yi ƙarya ba. Jiragen nan akwai su, kuma jihohi shida na Amurka ne suka yi suna da su: Ayowa, Ilinoyi, Misisipi, Luwiziyana, Mizuri da Indiyana.

Bari mu fara da abin da ya kai caca kan ruwa. Tun daga 1811, lokacin da jirgi mai aiki da tururi ya fara ratsa kogin Misisipi, kogin nan ya zama babbar hanyar fatauci ta tsakiyar Amurka. Auduga da sukari da hatsi duk ta nan suke bi, fatake na hawa da kuɗi a aljihu, tafiya kuma ta kwanaki ce babu abin yi. Inda kuɗi da zaman banza suka haɗu, ɗan karta ba ya nisa. Ƙwararrun 'yan caca suka mayar da jiragen nan gonarsu, har wani daga cikinsu mai suna George Devol ya rubuta littafi a 1887 yana ba da labarin shekara 40 da ya yi yana damfarar fasinjoji. Da jirgin ƙasa ya kashe kasuwar jiragen ruwa sai sana'ar ta mutu, amma labarinta ya zauna a fina-finai da tatsuniyoyinsu.

Wannan tsohon labari ne 'yan siyasa suka tono bayan kusan shekara 100. A shekarun 1980 manoman Ayowa sun shiga uku da bashi, masana'antun kayan noma na garuruwan bakin kogi suna ta sallamar ma'aikata, gwamnati na neman kuɗin shiga ido rufe. A lokacin jihohi biyu kaɗai ke da manyan gidajen caca irin na 'yan kasuwa, wato Nebada da Niyu Jasi. Idan aka ce wa mutanen Ayowa, waɗanda da yawansu manoma ne masu zuwa coci, za a gina gidan caca a tsakiyar gari, ba za su yarda ba. Sai aka ce musu ai yawon buɗe ido ne, za a farfaɗo da jiragen kakanni, a ɗan zaga kogi na 'yan sa'o'i, a ci abinci, mai so ya ɗan taɓa karta. Aka yi doka a 1989 da sharuɗɗa masu tsauri: ba a zuba fiye da dala 5 a wasa ɗaya, kuma mutum ba zai yi asarar fiye da dala 200 a fita ɗaya ba. Ranar 1 ga Afrilu 1991 jiragen farko suka tashi, wato kusan wata biyar kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Ka ga ke nan ruwan ba don caca ta fi daɗi a kansa ba ne. Dabara ce ta lallashin masu zaɓe, a ce musu abin yana can gefe, ba a cikin unguwa ba, kuma idan ya ɓaci sai a kwance igiya a kore shi.

Sharuɗɗan ba su yi ƙarko ba. Ilinoyi, wadda ke tsallaken kogin, ta buɗe nata jiragen ba tare da iyakar asara ba. Misisipi ta ce nata ma ba sai sun motsa ba, su tsaya a bakin gaɓa dare da rana. Shekara ɗaya da 'yan watanni da farawa, wani attajiri mai suna Bernard Goldstein, wanda asalin kasuwancin gidansu tsofaffin ƙarafa ne da dakon kaya a kogi, ya kwance jiragensa biyu daga Ayowa ya gangara da su garin Biloxi na Misisipi, inda ya buɗe Isle of Capri a Agustan 1992. Ka riƙe sunan nan, zai dawo. Ayowa da ta ga kasuwa na gudu sai ta soke iyakokinta a 1994. Haka aka yi ta yi, kowace jiha na sassautawa don kada maƙwabciya ta kwashe mata 'yan wasa.

Yanzu ga tarihin jirgi guda, wanda a ganina ya fi kowanne nuna yadda abin yake. Sunansa Admiral, a birnin Sant Luwis na jihar Mizuri.

An ƙera shi a 1907 da suna Albatross, kuma aikinsa na farko fito ne, sai dai ba mutane yake tsallakarwa ba, taragun jirgin ƙasa yake ɗauka daga wannan gaɓa zuwa waccan a garin Vicksburg. Da aka gama gada a wurin a 1930, aikinsa ya ƙare, kamar yadda gada ke yi wa kowane mai fito. Daga baya kamfanin iyalin Streckfus, masu jiragen shaƙatawa, suka saye shi, suka rushe samansa suka sake gini da ƙarfe mai sheƙi kamar azurfa, hawa biyar, tsawonsa kusan mita 114, yana ɗaukar mutum 4,400. Wata mai zane, Mazie Krebs, ita ta tsara siffarsa. Daga 1940 ya riƙa fita da jama'a yawo a kan kogi, ga zauren rawa, ga na'urar sanyaya ɗaki a zamanin da ba kowane gida ke da ita ba. Kusan shekara 40 yana wannan aiki, babu ruwansa da gidan caca.

A 1979 hukumar da ke duba lafiyar jiragen ruwa ta gano ƙarfen gindinsa ya ci, ta hana shi fita. Aka cire injinansa. Tun daga ranar Admiral bai ƙara tafiya da ƙarfin kansa ba. Wani ɗan kasuwa daga Pittsburgh, John Connelly, ya saye shi a farkon shekarun 1980, ya sayar wa wasu masu zuba jari na Sant Luwis, su kuma suka narka miliyoyin daloli suka mayar da shi wurin wasanni da gidajen abinci, suka ɗauko kamfanin Six Flags ya gudanar. An buɗe a 1987, kafin a je ko'ina asara ta rufe shi. Jirgin ya sake komawa hannun Connelly yana zaune yana tsatsa.

Sai ga 1992, mutanen Mizuri suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da caca a kan kogi. Nan take tsohon ƙarfen da babu mai so ya zama kadara, saboda yana kan ruwa kuma yana tsakiyar birni. Kamfanin Connelly, President Casinos, ya buɗe gidan caca a cikinsa a 1994. Farkon ma da tangarɗa, don kotun ƙolin jihar ta ce kundin tsarin mulkinsu bai yarda da wasannin sa'a zalla ba, irin injinan nan da ake zuba kuɗi a danna. Sai da aka sake ƙuri'a har sau biyu a shekarar, ta farko ta faɗi, ta Nuwamba ta wuce, sannan aka kunna injinan. Ka lura da abin dariyar: dokar da aka sayar wa jama'a da sunan yawo a kogi, ga ta ta ba jirgin da ba shi da inji lasisi.

Rashin injin nan ya kusa jawo babban bala'i. Daren 4 ga Afrilu 1998 kogi ya cika yana gudu. Wani jirgin turi mai suna Anne Holly yana tura jerin jiragen dakon kaya 14 marasa inji, sai ya bugi ƙafar gadar Eads. Takwas suka ɓalle, ruwa ya kwaso su, uku suka daki Admiral da mutum sama da 2,000 a ciki. Igiyoyi takwas cikin goma da suka ɗaure shi suka tsinke, bututun iskar gas ya fashe, gindin jirgin ya fara juyawa zuwa tsakiyar kogi, ga gadoji a gaba, ga shi babu inji babu matuƙi. Matuƙin Anne Holly ne ya saki sauran kayansa, ya zagayo ya sa hancin jirginsa ya tokare Admiral, ya riƙe shi a jikin gaɓa har aka kwashe mutane. An duba mutum 50 saboda raunuka, babu wanda ya mutu. Bayan haka aka matsar da shi gaba kaɗan aka ƙara masa kariya.

To, a nan tambayarka ta biyu ta shigo, kuma ita ce mai nauyi. Gaskiya ne gidan caca ba ya faɗuwa a hannun ɗan wasa. Lissafi ne, ba sa'a ba. Ɗauki faifan nan da ake juyawa da 'yar ƙwallo. Irin na Amurka ramuka 38 gare shi. Idan ka zuba ₦1,000 a lamba ɗaya ta ci, za a ba ka ₦35,000 a mayar maka da dubunka. Yanzu a ce ka zuba dubu-dubu a duk ramukan don kada ka kuskure: ka fitar da ₦38,000, dole ɗaya ta ci, an miƙo maka ₦36,000. Dubu biyun nan da ta ɓace ita ce abincin gidan, kashi 5 da ɗan ɗori cikin 100 na duk kuɗin da ya bi ta kan teburin. Mutum ɗaya na iya ci yau ya tafi yana murna, amma idan dubban mutane suka yi wasa dare da rana, lissafin ba ya kuskure.

Sai dai mai gidan shi ma akwai waɗanda ke cin sa. Na farko gwamnati. A Mizuri ana karɓar kashi 21 cikin 100 na abin da gidan ya ci, ban da dala 2 a kan kowane mutum da ya shiga, kuma ana karɓa ne ko an yi riba ko ba a yi ba. Na biyu masu ba da bashi. Kusan duk kamfanonin nan da rance mai tsadar ruwa suka gina harkarsu, suna sa ran cinikin shekarar farko zai ɗore. Na uku maƙwabci. 'Yan caca na yanki ɗaya adadinsu bai cika ƙaruwa ba, don haka duk sabon gida da aka buɗe, daga tsohon yake ɗiba. Admiral yana fuskantar wani jirgin, Casino Queen, a tsallaken kogi ta ɓangaren Ilinoyi, sannan aka buɗe manya-manya a bayan gari masu otal da filin ajiye motoci. Wa zai gangara bakin kogi ya shiga tsohon jirgi mai ƙananan ɗakuna, wanda ake rufewa duk lokacin da ambaliya ta shanye hanyar shiga?

A 2002 President Casinos ya kai kansa kotu ya ce ba zai iya biyan bashi ba. Aka sa jirgin a kasuwa. Wani kamfani, Columbia Sussex, ya taya dala miliyan 57, daga baya ya janye da maganar lasisi ta cije. A Disambar 2006 Pinnacle Entertainment ya saya a ƙasa da haka.

Me Pinnacle zai yi da jirgin da ya kusa shekara 100, alhali yana gina sabon gidan caca na sama da dala miliyan 500, Lumière Place, 'yan taku kaɗan daga wurin? Amsar ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya: ba jirgi ya saya ba, takarda ya saya. Jiha ba ta ba kowa lasisin caca sai 'yan ƙalilan, kuma a 2008 mutanen Mizuri suka kulle adadin a 13, a ƙuri'ar da ta kuma soke iyakar asarar dala 500 da suke da ita. Wanda ya riƙe lasisin Admiral ya hana wani abokin gaba zuwa ya zauna masa a ƙofa, kuma yana da begen wata rana ya ɗauke takardar ya kai ta wani wuri. Da Lumière ya buɗe a Disambar 2007, cinikin Admiral ya zube ƙasa warwas, Pinnacle kuwa bai damu ƙwarai ba tunda aljihu ɗaya ne.

Hukumar caca ta jihar ce ta damu, don harajinta ne ke raguwa. A farkon 2010 ta ce za ta ƙwace lasisin, tana zargin kamfanin da barin wurin ya lalace da gangan. Ga kuma takardar shaidar lafiyar gindin jirgin na dab da ƙarewa, gyaran kuma ba ƙaramin kuɗi ba. Aka sasanta a kan a rufe, ambaliyar watan Yuni ta ƙarasa aikin 'yan kwanaki kafin wa'adi. An gwada gwanjonsa har a eBay ba a samu mai saye ba. A Yulin 2011, bayan an yanke samansa don ya iya wucewa ta ƙarƙashin gadoji, aka ja shi zuwa Columbia ta jihar Ilinoyi, 'yan gwangwan suka yayyanka shi.

Jirgi ya mutu, takarda ba ta mutu ba. Garuruwa suka yi ta zawarcinta, aka ba Cape Girardeau, can kudu a bakin kogin, kamfanin da ya samu kuwa shi ne Isle of Capri na gidan Goldstein da na ce ka riƙe. Ya buɗe a Oktoban 2012. A 2017 Eldorado Resorts ya haɗiye Isle of Capri. A Disambar 2019 Eldorado ya sayar da wurin gida biyu: Century Casinos ya ɗauki gudanar da caca, wani kamfanin gidaje mai suna VICI ya ɗauki fili da gini yana karɓar haya. Wannan salon ya zama ruwan dare yanzu, kuma ni a ganina mai karɓar hayar ya fi kowa wayo a harkar, don shi ko an ci ko an faɗi kuɗinsa na zuwa. Shi ma Lumière bai tsira ba: Pinnacle ya sayar wa Tropicana a 2014 a kan dala miliyan 260, kusan rabin kuɗin gininsa, Eldorado ya saye Tropicana a 2018, ya haɗe da Caesars a 2020, aka sauya wa wurin suna zuwa Horseshoe a 2022. Pinnacle ɗin kansa Penn National ya saye shi a 2018. Ma'aikacin da ke raba karta a tebur ɗaya zai iya sauya riga sau huɗu bai motsa daga inda yake tsaye ba.

Ruwan fa? Ya yi ta janyewa a hankali. A Mizuri kamfanoni suka fara haƙa tafki a gefen kogi su gina dandamali mai iyo a ciki, su kewaye shi da gini, har mai shiga ba zai san a kan ruwa yake ba. Kotu ta ce wannan ba kogi ba ne, aka yi ƙuri'a a 1998 aka halatta. A Agustan 2005 guguwar Katrina ta ɗaga gidajen cacar Biloxi masu iyo ta jefa wasunsu tsallaken titi, sai jihar Misisipi ta yarda a yi gini a tudu muddin bai wuce ƙafa 800 daga ruwa ba. Indiyana da Luwiziyana da Ilinoyi duk suka bi sahu daga baya. Ta Mizuri ce ta fi ban dariya: dokar 2021 ta ce ginin ƙasa ya wadatar idan yana cikin ƙafa 1,000 daga kogi, kuma an ajiye ruwa galan 2,000 a cikinsa ko a ƙarƙashinsa, ko da a tanki ne. Wannan kimanin jarka 300 ke nan irin ta 'yan garuwa. Abin da ya rage na kogin Misisipi a cikin dokar ke nan.

Game da ƙasarmu, a Jigawa babu, kuma babu hanyar samuwarsa. Ko ba a zo ga doka ba, kogunanmu na kudancin jihar na damina ne, su tumbatsa a Agusta har kwale-kwale ya gagara, da rani kuwa su koma rairayi ana haƙa rijiya a tsakiyarsu. Ga kuma abin da kowa ya sani: Alƙur'ani ya hana caca a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, kuma tun da jihar ta kama tsarin shari'ar Musulunci a 2000 caca laifi ce da ake hukunta mai yinta. Manyan gidajen caca masu lasisi a Najeriya galibi a cikin otal-otal na Legas da Abuja suke. Wanda ya fi kama da labarinmu shi ne Federal Palace da ke bakin ruwa a Victoria Island: an buɗe shi a 1960, ya koma hannun gwamnatin tarayya, aka sayar wa kamfanin Ikeja Hotel na gidan Ibru a 1992, Sun International na Afirka ta Kudu ya shigo da jari da harkar caca, rikicin masu hannun jari ya tashi, har a 2016 kamfanin ya sanar cewa zai fice daga Najeriya.

Wani abu kuma ya faru da ya kusantar da mu ga tsarin Amurka. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke aiki da dokar caca ta tarayya ta 2005 a cikin jihohi, ta ce wannan hurumin majalisun jihohi ne, tarayya ikonta ya tsaya a Abuja. Ma'ana, Legas na iya ba da lasisi ta karɓi haraji, Kano da Jigawa na iya hanawa, kuma Hisbar Kano, wadda tun kafin hukuncin ta fara rufe shagunan cacar ƙwallo, ta ce za ta ci gaba. Shagon da ke bakin titi ana iya sa masa kwaɗo. Wahalar tana ga manhajar da ke cikin waya, wadda aka yi wa rajista a wata jihar ko wata ƙasar, kuma saurayi a Gwaram ko Babaldu zai iya zuba mata kuɗi daga asusun bankinsa yana zaune a kan benci, ba tare da ya taka ƙofar kowane shago ba.